Tambayoyinku Kan Fasaha: Sunan Wa Ke Kan Rajistar Shafinka?

Yawancin wasiƙun wannan makon sun shafi gina shafin intanet da kula da shi, saboda haka na ajiye tambayoyin waya zuwa mako mai zuwa.

Tambaya: Malam, ina sayar da turaren wuta da humra a Kano, kuma ina da shafi. Duk wanda ya buɗe shi a Chrome sai ya ga an rubuta cewa ba shi da tsaro. Wani ya ce in biya shi ya saya mini takardar tsaro. In biya?

Amsa: Hajiya, riƙe kuɗinki ki ƙaro sandal. Tun watan Yuli na 2018 Chrome ke yi wa duk shafin da adireshinsa bai fara da https ba wannan tambari. Takardar da ake magana a kai Let's Encrypt ke bayar da ita kyauta, kuma kusan duk kamfanin masaukin shafi mai mutunci, wato wanda ake hayar wurin ajiye shafi a gunsa, ya sanya maɓallin kunna ta a cikin cPanel, allon da ake sarrafa masaukin da shi. Ki kunna, ki tabbatar tana sabunta kanta domin wa'adinta gajere ne, sannan ki gyara adireshin shafin a saitunan WordPress, manhajar da ake gina shafuka da ita, ya koma https.

Tambaya: Ni shugaban wata makaranta mai zaman kanta ne a Zariya. Shekaru uku da suka wuce wani yaro ya gina mana shafi, muka biya shi. Yanzu shafin ya daina buɗewa, lambar yaron ba ta shiga, kuma adireshin na nan a jikin allon makaranta da rasit da katin sakamako. Yaya za mu yi?

Amsa: Ranka ya daɗe, wasiƙarka ta sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi, don haka ka gyara zama. Kafin in faɗi yadda za a yi, ina da tambaya guda wadda na riga na san amsarta: da sunan wa, kuma da imel ɗin wa, aka yi rajistar adireshin? Da na yaron ne. Mutumin da ba zai bari direban makaranta ya kwana da takardun mota ba, shi ne ya miƙa wa wanda bai san gidansu ba sunan makarantarsa a intanet, bai karɓi ko kalmar sirri ɗaya ba, saboda an ce masa abin "na 'yan kwamfuta ne".

Shafi abu uku ne, kuma kowanne da mai shi. Akwai sunan shafin, wato adireshin da ke ƙarewa da .com ko .ng, akwai masaukin da ake haya domin ajiye fayiloli, sannan akwai fayilolin kansu tare da rumbun bayanan da ke ɗauke da rubutu. Sunan shi ne takardar filin. Gini in ya rushe ana sake tayar da shi, amma in takarda tana ɗauke da sunan birkila, to, birkila ne mai fili, komai yawan rasit ɗin siminti da kake riƙe da su. Kuma ba a sayen suna a mallake shi har abada: haya ce ta shekara-shekara, ko da yake ana iya biyan .com har na shekara 10 a lokaci guda.

Abin da nake zato ya faru shi ne wa'adin sunan ya ƙare. Ƙa'idar ICANN, hukumar da ke tsara sunayen intanet irin su .com, ta wajabta wa kamfanin rajista ya aika tunatarwa kimanin wata guda kafin ƙarewar wa'adi, ya sake aikawa saura mako guda. Sun aika, amma akwatin yaron suka aika, shi kuwa ƙila yana can ya shiga wata harka. Kada ka ji kunya fiye da kima, domin a 2003 Microsoft da kansa ya manta bai sabunta hotmail.co.uk ba har wani ya yi rajistarsa. Bambancin kawai shi ne su suna da lauyoyi da kuɗi, kai kuwa kana da taron iyaye da malamai.

Ga yadda za ka yi, kuma yau, ba bayan jarrabawa ba. Ka shiga lookup.icann.org ka rubuta adireshin. Wataƙila sunan mai rajista ba zai fito ba, tunda ana ɓoye shi a yawancin lokuta, amma za ka ga kamfanin da ya yi rajistar da ranar ƙarewar wa'adi. In .com ne, bayan ƙarewa akwai 'yan makonni da ake iya sabuntawa a farashin da aka saba, tsawonsu ya danganta da kamfanin. Bayan nan sunan ya shiga kwana 30 na fansa, inda kuɗin ke ninkawa sosai. Sai kwana 5 na jiran gogewa, daga nan ya koma kasuwa, kowa na iya ɗauka. Akwai masu fakon irin waɗannan sunaye, su yi wuf su saye, ko dai su tsuga maka farashi ko su cika shafin da tallar caca, kuma ka yi tunanin uban yara ya buɗe adireshin da ke jikin katin sakamakon 'yarsa ya tarar da haka. In .ng ne, NiRA ce ke kula da shi kuma ƙa'idojinta za a bi, sai ka nemi kamfanin da ya yi rajistar ka tafi musu da takardar rajistar makarantar da shaidar biyan kuɗi. Sai dai in gaya maka gaskiya, hanya mafi sauƙi ita ce a nemo yaron ta hannun wanda ya kawo shi, a lallaɓa shi ya ba da lambar izinin sauya kamfani ko ya mayar da asusun zuwa imel ɗin makaranta. Ba lokacin faɗa ba ne. A yi faɗan bayan suna ya dawo hannu.

Idan an rasa sunan, ka yi rajistar sabo, kuma tunda makaranta ce ka duba .sch.ng, wanda aka ware wa makarantun firamare da sakandare. A wannan karon ka buɗe asusun da hannunka, da imel ɗin da ke na makaranta ba na wani malami da zai iya ajiye aiki ba, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, sannan ka ba mai gini damar shiga ta daban wadda za ka iya rufewa. Ni al'adata ita ce in raba kamfanin suna da kamfanin masauki, domin in ɗaya ya ɓata mini rai ina iya kwashe kayana ba tare da roƙo ba. Kada kuma ka dogara ga sabuntawa ta kai tsaye kaɗai, tunda katin banki na ƙarewa, katin naira kuma ba kullum yake wucewa a kamfanonin waje ba. Ka rubuta ranar a kalandar ofis kusa da ranar biyan albashi, inda na tabbata ba za a manta ba.

Tambaya: Kamfanin masaukina ya ce yana ajiye kwafin shafina kullum. Shin akwai buƙatar in yi nawa?

Amsa: Akwai. A daren 10 ga Maris, 2021, gobara ta cinye ɗaya daga cikin cibiyoyin ajiyar bayanai na kamfanin masauki OVH a Strasbourg ta ƙasar Faransa, kuma wasu abokan hulɗarsu sun wayi gari ba shafi ba kwafi, saboda kwafin na wuri ɗaya da na asali. Ba ma sai gobara ba: in ka yi jinkirin biya aka rufe asusunka, kwafin da ke ciki ya rufu tare da shi. Ƙa'idar da masana suka daɗe a kai ita ce kwafi 3, a kan nau'in ma'aji 2, ɗaya daga ciki a wani wuri daban. A WordPress, ƙaramar manhajar UpdraftPlus ta kyauta, wadda ake ɗorawa a kansa, ta isa ta riƙa tura kwafi zuwa Google Drive. Ka tabbatar kwafin ya haɗa da rumbun bayanai, domin a can rubutunka yake, ba a fayilolin hotuna ba. Sannan ka gwada dawo da kwafin a wani wurin gwaji ko da sau ɗaya ne, tunda mutane da yawa sai ranar da suka buƙace shi suke gano cewa fayil ɗin da suka daɗe suna tarawa ba ya buɗewa.

Tambaya: Wani abokina ya turo mini jigon WordPress, wato abin da ke tsara kamannin shafi, irin wanda ake sayarwa, amma kyauta daga Telegram. Bayan na ɗora, shafina ya fara jan mutane zuwa wasu shafuka da ban sani ba.

Amsa: Ɗan'uwa, wanda ya ɓata lokacinsa ya fasa makullin jigon ya raba a Telegram ba don neman lada ya yi ba; ya cusa ƙofar baya ce a ciki, kai kuma ka ɗora masa da hannunka. Goge jigon kaɗai ba zai wadatar ba, domin irin wannan cuta na yaɗa kanta cikin wasu fayiloli. Ka dawo da kwafin da ya riga ranar ɗorawa, ka sauya kalmar sirri ta WordPress da ta cPanel da ta rumbun bayanai, ka leƙa jerin masu gudanarwa ka cire duk sunan da ba ka sani ba, sannan ka bincike shafin da manhajar tsaro ta Wordfence. WordPress ne ke ɗauke da sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya, shi ya sa masu kutse suka fi sa masa ido, kuma galibi ta jigogi da ƙananan manhajojin da ba a sabunta ba suke shiga. Jigogin kyauta na halal suna nan birjik a ma'ajiyar WordPress ɗin kanta.

Tambaya: Ina wallafa rubutun Hausa, amma ƙ da ɗ da ɓ suna rikiɗewa. Wani lokaci su zama ɗan akwati, wani lokaci wasu alamu marasa ma'ana.

Amsa: Cuta biyu ce kika haɗa, Malama. Ɗan akwati na nufin salon haruffan da jigonki ke amfani da shi ba shi da waɗannan baƙaƙe, sai ki sauya zuwa Noto Sans, ko Andika, ko Charis SIL, waɗanda duk suna da su. In kuwa ƙ ta koma Æ™, to an adana rubutun da tsarin adana haruffa na UTF-8 amma ana karanta shi da tsohon tsarin harsunan Turai ta Yamma. A daidaita shafin da rumbun bayanan su koma UTF-8, bayan an ɗauki kwafi. Inda baƙin ya riga ya zama alamar tambaya a cikin rumbun, ya tafi ke nan, sai a sake bugawa da hannu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a gudu a koma rubuta k' da d', alhali Gboard, manhajar buga rubutu ta Google a waya, na da allon Hausa.

Tambaya: Shafina na ɗaukar lokaci kafin ya buɗe a waya. In ƙara kuɗi in koma babban masauki?

Amsa: Na leƙa shafin naka, kuma masauki ba shi da laifi. Ka ɗora hotuna kai tsaye daga kyamarar waya, kowanne da nauyin megabayit da yawa, ka jera su a shafin farko suna juyawa, mai karatu kuwa da datar da ya saya ta kwana ɗaya yake biyan wannan ado. Ka rage faɗin kowane hoto zuwa fiksel 1200, ka matse shi da manhajar rage nauyin hoto ta Squoosh, ka adana shi a tsarin WebP, wanda WordPress ke karɓa tun fitowar 5.8 a 2021. Ka cire hotuna masu juyawar nan, ka goge ƙananan manhajojin da ba ka amfani da su, sannan ka auna saurin shafin da PageSpeed Insights a ɓangaren waya.

Tambaya: Wata biyu da buɗe shafina, amma Google bai nuna shi ba.

Amsa: A saitunan karatu na WordPress akwai wani ɗan akwati da ke roƙon injunan bincike su kauce wa shafin, masu gini kan danna shi lokacin aiki su manta. Ka cire alamar, ka yi rajista a Google Search Console, ka miƙa taswirar shafin, wato jerin adiresoshin duk abin da ke cikinsa, wadda WordPress ke haɗawa da kansa tun 2020 a adireshin wp-sitemap.xml. Bayan mako biyu ka rubuta site: haɗe da adireshinka a Google ka ga shafuka nawa ya ɗauka.