Yadda tsofaffin kwamfutoci suka riƙa ɗora rubutu a kan bidiyon da ba za su iya ɗauka ba

Tambaya: Malam, ni mai haɗa bidiyon biki ne. Na ji ana cewa tun shekarun 1980 akwai masu ɗora rubutu da tambari a kan bidiyo da ƙananan kwamfutocin gida. Ta yaya hakan ya yiwu, alhali ma'adanar kwamfutocin wancan zamani ba ta kai girman hoto ɗaya na wayar yau ba?

Amsa: Lissafinka daidai ne. Amiga 1000, wadda kamfanin Commodore ya fitar a 1985, ta zo da ƙwaƙwalwa mai kilobayit 256, yayin da hoto guda na talabijin, idan aka mayar da shi lambobi ba tare da matsewa ba, ya haura kilobayit 800, kuma ana buƙatar irinsa 25 a kowace daƙiƙa. Abin da ya warware matsalar shi ne bidiyon ba ya shiga cikin kwamfutar ko kaɗan. Yana fitowa daga kyamara ko na'urar kaset, ya ratsa ta wani ƙaramin akwati da ake kira janlok, ya wuce zuwa wata na'urar da ke naɗa. Kwamfuta rubutunta kawai take zanawa, akwatin kuma ya haɗa biyun a hanya.

Wahalar aikin duk tana wajen daidaita lokaci. Talabijin na da yana zana hoto ne layi bayan layi, daga sama zuwa ƙasa. A tsarin talabijin na PAL, wanda Najeriya da yawancin Turai suka bi, layuka 625 ne, kuma ana zana 15,625 a daƙiƙa. A tsarin NTSC na Amurka layuka 525 ne, ana zana kimanin 15,734. Cikin siginar akwai ɗan bugu da ke sanar da farkon kowane layi da farkon kowane hoto. Idan kyamara tana layi na 100 kwamfuta kuma tana na 240, duk abin da aka haɗa zai riƙa birgima yana yagewa. Dole ne ɗayansu ya saki nasa agogon ya bi na ɗan'uwansa, kamar yadda 'yan amshi suke bin kiɗan babbar ganga, kuma tunda ba a iya umartar kaset ya jira, kwamfutar ce take biyayya.

A nan ne Amiga ta yi wa tsararrakinta zarra. Masu ƙera ta sun ɗauko saurin agogonta ne daga ma'aunin talabijin: a samfurin Amurka babban agogon yana bugu miliyan 28.636 a daƙiƙa, wato ninki takwas na siginar launi ta NTSC, kuma daga shi ake raba miliyan 7.16 da injin lissafinta yake gudu a kai. Sannan a kafar bidiyonta mai ƙusa 23 an tanadi hanyar da agogo zai shigo daga waje ya maye gurbin na ciki. Janlok yana sauraron bugun bidiyon da ke shigowa, ya ƙirƙiri agogon da ya dace da shi, ya miƙa wa kwamfutar, daga nan kuwa ilahirin na'urar ta koma tafiya da takun kyamara. Illar hakan ita ce idan siginar da ke shigowa ta yi rawa sosai ko ta yanke, kwamfutar kanta tana iya rikicewa. Kwamfutocin IBM ba su samu wannan sauƙi ba, domin katin hotonsu na VGA na 1987 yana zana layuka kusan 31,500 a daƙiƙa, ninki biyu na talabijin, don haka sai da ƙarin na'ura mai tsada kafin a sauko da shi.

Bayan lokaci ya daidaita, saura zaɓi. A cikin launukan Amiga akwai na farko, mai lamba sifili, wanda shi ne na bango. Duk lokacin da kwamfutar take zana ɗigon da ke da wannan launi, tana aika alama ta wata ƙusa a wannan kafar, sai wani makunnin lantarki mai matuƙar sauri a cikin janlok ya bar bidiyon kyamara ya wuce. Da zarar ta zo kan ɗigon harafi, sai ya juya ya ɗauki na kwamfuta. Wannan juyi yana iya faruwa sau da yawa a cikin layi ɗaya wanda tsawonsa bai wuce kashi 64 cikin miliyan na daƙiƙa ba. Janlok masu tsada suna da maɓallin ja da ke cakuɗa siginonin biyu a hankali, shi ya sa rubutu yake iya bayyana ya kuma dushe. Wannan huda hoto da launin kwamfuta, wato barin bidiyo ya leƙo ta inda launin bango yake, ya bambanta da wanda ake yi da shuɗi ko koren kyalle, inda na'ura take duba launin da ke cikin hoton kyamarar, ya kuma bambanta da huda da haske, inda take cire duk abin da ya fi wani ma'auni duhu ko haske. A ganina na farkon ya fi tsafta a gefen haruffa, saboda babu kintace a cikinsa: kwamfutar ta san ainihin inda kowane ɗigo yake.

Ba Amiga kaɗai ta bi wannan hanya ba. Sharp X1 ta Japan tana ɗora zanenta a kan talabijin tun 1982, wasu kwamfutocin MSX2 irin su Philips NMS 8280 sun zo da wannan damar a jikinsu, Apple ma ya fitar da katin Video Overlay Card a 1989.

Haɗa bidiyo biyu masu motsi ya fi wannan wuya nesa ba kusa ba, domin yanzu majiyoyi biyu ne na waje, kowace da nata agogon. Kyamarar situdiyo tana karɓar bugu daga waje, amma na'urar kaset inji ce mai juyi, saurinta yana ɗan hawa da sauka, don haka sai an bi da siginarta ta na'urar gyaran lokaci, TBC, wadda take riƙe hoton na ɗan ƙiftawa ta sake sakinsa a daidai. Da wannan sharaɗi ne Video Toaster ya yi aiki. Kamfanin NewTek na Tim Jenison, a garin Topeka na jihar Kansas, ya fitar da shi a ƙarshen 1990, kati ne da ake sakawa cikin Amiga 2000. Yana karɓar majiyoyi huɗu, yana sauyawa daga wannan zuwa wancan da salo iri-iri, yana huda da haske, yana rubutu, kuma ya zo da manhajar zane LightWave 3D. Aikin da a da sai gidan talabijin mai kayan dubban daloli masu yawa, ƙaramin mai ɗaukar biki ya samu damar yinsa, ko da yake kuɗin TBC na kowace na'urar kaset yakan ƙara nauyin da mai saye bai lissafa ba.

Sai dai Toaster na Amiga da NTSC kawai yake aiki, saboda haka bai dace kai tsaye da ƙasashen PAL ba, ciki har da Najeriya da yawancin Turai. A Turan janlok da manhajojin rubutu irin su Scala aka fi dogaro da su. SECAM, tsarin Faransa wanda Nijar ta bi, ya fi kowanne taurin kai, domin yadda yake ɗauke da launi ba ya barin a cakuɗa sigina biyu kai tsaye, sai an warware su tukuna.

Bambancin da zai fi ba ka mamaki a matsayinka na mai sana'a shi ne komai ana yinsa ne yayin da kaset yake tafiya. Idan sunan amarya ya fito a makare, sai a mayar da kaset baya a sake naɗa wurin, kuma abin da ake miƙa wa mai biki kwafi ne na biyu, wanda a VHS ya riga ya rasa wani kaso na kyawunsa. Commodore ya durƙushe a 1994, a 1995 kuma kyamarorin DV suka fito da kafar da ke tura bidiyo cikin kwamfuta a matsayin lambobi, kuma ta wannan hanyar ce manhajar da kake aiki da ita yau ta fito.