Ciwon baki mai yawan dawowa: man triamcinolone yana lalata ƙoda?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Kusan duk wata sai ƙananan gyambuna sun fito mini a cikin kunci da ƙarƙashin harshe, har abinci mai yaji ya gagare ni. Likitan haƙori ya rubuta mini man triamcinolone, kuma ina jin sauƙi. Sai yayata ta ce dangin dexamethasone ne da mata ke sha don ƙiba, wai zai lalata mini ƙoda. Hankalina ya tashi. In daina ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Dangi ɗaya ne, a nan yayarki ta yi gaskiya. Amma ƙarfin man 0.1% ne kawai, kuma ɗan abin da kike ɗigawa na 'yan kwanaki bai kama ƙafar shan ƙwaya kullum ba. Ki tsane wurin da auduga, ki ɗora kaɗan kada ki goga, bayan cin abinci da lokacin kwanciya. Kumburi da raɗaɗi yake ragewa, ba ya hana ciwon dawowa. Tunda naki duk wata ne, a auna jininki a duba sinadarin ƙarfe (ayon), folik asid da bitamin B12.

Abin da ke damuna daban ne. Jama'a sun ɗauka duk ciwon baki ɗaya ne, "zafi ne", shi ke nan. Mutum ya ji daɗin mai, sai ya miƙa wa maƙwabci ragowar, ko mai kemis ya ciro ya bayar ko bakin bai leƙa ba. To wannan maganin yana rage garkuwar wurin da aka shafa shi. A sa shi kan ƙuraje masu ruwa da ƙwayar cutar hapis ke kawowa, ko kan farin nan mai kama da kindirmo da ƙwayar cutar fangas ke kawowa, ciwon ƙaruwa zai yi.

Mafi muni shi ne gyambo guda da ya ƙi warkewa. Irin naki bai cika kai santimita 1 ba, kuma cikin kwana 7 zuwa 14 yake rufewa da kansa. Wanda ya wuce mako 3, gefensa ya yi tauri, ko yana jini, musamman ga mai shan sigari ko mai cusa taba a leɓe, yana iya zama ciwon daji. Sau da yawa ma ba ya zafi da farko, shi ya sa ake raina shi. Sai a yi watanni ana shafe-shafe, a fasa kafso a barbaɗa, a goga kanwa, a danna asfirin har ya ƙona naman wurin, mai maganin gargajiya kuma ya ce basir ne ya hau sama. Basir a harshe? Kafin a iso asibiti kaluluwa ta riga ta fito a wuya.

Ki ci gaba da maganinki yadda aka rubuta. In kin shafa kwana 7 ba canji, ko gyambon ya zo da zazzaɓi, jan ido, rama ko ciwo a al'aura, ki koma wurin likitan da ya duba ki.