Tambayi Likita: Jini ya fito ta bututun wuyan Baba, sannan ya tsaya

Tambaya: Likita, Babanmu ya samu shanyewar ɓarin jiki, aka huda masa wuya aka sa bututun numfashi. A mako na biyu jini ja wur, kamar cikin cokali, ya fito ta bututun ya tsaya da kansa. Likitoci sun ce a yi hoto, wataƙila a bi ta cinya a gyara wata jijiya. Kawu ya ce tunda ya tsaya a bar dattijo ya huta. Me za mu yi? Daga wata mai karatu, Aboabo, Kumasi.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. A gaishe min da Kawu, amma a nan ban goyi bayansa ba.

Yawanci irin wannan jini daga bakin hudar ne, ko ƙujewar robar zuƙo majina. Sai dai akwai wanda muke tsoro. A bayan ƙashin ƙirji wata babbar jijiya ta gitta gaban maƙogwaro, ita ke kai jini hannun dama da gefen dama na kai. Idan iska ta yi yawa a ɗan balan-balan ɗin da ke jikin bututun, wanda ake hurawa a cikin maƙogwaro, ko hudar ta yi ƙasa sosai, sai bututun ya yi ta cin bangon maƙogwaro har ya cim ma jijiyar. Abin bai fi samun mutum 1 cikin 100 ba, galibi a makonni 3 na farko. In jijiyar ce, ɗan jinin da ya tsaya yakan zama gargaɗi ne kawai. Na biyu ambaliya yake yi, kuma in ba a yi aiki ba da wuya a tsira. Hoton siti sikan ne zai taimaka a rarrabe.

A da sai an tsaga ƙirji a ɗaure jijiyar. Yanzu ana iya bi ta jijiyar gindin cinya da siririyar waya, ana kallo a na'ura, a kai ɗan bututun raga mai rufi, sitent, a buɗe shi ya toshe ɓular daga ciki, jini na ci gaba da wucewa. Ga dattijo mai rauni wannan sauƙi ne babba. Aibinsa, yana zaune dab da maƙogwaro mai ƙwayoyin cuta, yana iya harbuwa, wani lokaci a koma ga babbar tiyatar. Kuma yana da tsada, ku tambayi kuɗin tun yau.

Kada kowa a cikinku ya taɓa bututun. In kun ga jini, ko ɗigo ne, ku ƙwala wa nas kira. Ki tara samarin gidanku su je su ba da jini a ajiye wa Baba.