Kwafin ajiyar VM ɗin TrueNAS: abin da Proxmox ke ɗauka da abin da yake bari

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kana da Proxmox (manhajar da ke gudanar da kwamfutocin kwaikwayo da yawa a kan na'ura ɗaya) a sabar gida, TrueNAS (manhajar ajiyar fayiloli) na gudana a cikinsa a matsayin VM, wato kwamfutar kwaikwayo, ka miƙa masa faya-fayan ajiya kai tsaye, kuma kana tambaya ko kwafin ajiyar da Proxmox ke yi kowane dare ya wadatar. Bai wadatar ba, amma dalilin ya danganta da yadda ka yi miƙawar, don hanya biyu ce, kuma halinsu ya bambanta ƙwarai.

Idan katin HBA (katin da ake jona faya-fayan a jikinsa) gaba ɗaya ka miƙa ta PCIe, irin su LSI 9211-8i da mutane ke yawan amfani da shi, to Proxmox ba ya ganin faya-fayan nan ko kaɗan. Da zarar VM ya tashi, katin ya zama nasa. Vzdump, wato manhajar ɗaukar kwafi ta Proxmox, zai ɗauki ƙaramin faifan da TrueNAS ke tashi da shi da fayil ɗin saiti, ya ce maka aiki ya kammala lafiya, alhali ko hoto ɗaya daga cikin bayananka bai taɓa ba. Wannan saƙon na “an gama” shi ke yaudarar mutane da yawa, har ranar da suka buƙaci kayansu.

Idan kuwa faifai ɗaya-ɗaya ka haɗa da umarnin qm set ta hanyar /dev/disk/by-id, matsalar ta juya. A nan Proxmox yana ganinsu, kuma zai yi ƙoƙarin kwashe su duka cikin kwafin, sai dai in ka ƙara backup=0 a layin kowane faifai a cikin /etc/pve/qemu-server/. Faifai mai tera 8 zai karanta shi tun daga farko har ƙarshe, ya cika maka wurin ajiya, kuma ranar maidowa zai nemi wuri mai girman haka.  Sa backup=0, ka huta.

Yadda nake yi, kuma na daɗe a kai, shi ne raba aikin gida biyu. Proxmox ya kula da faifan tashi kawai. Bayanan kuma TrueNAS ya kula da su da kansa, don shi ya san abin da ke ciki: ya riƙa ɗaukar sinafshot (yanayin bayanai yadda suke a wani lokaci) na ZFS, wato tsarin ajiyar fayilolin da TrueNAS ke amfani da shi, a kan jadawali, sannan ya tura su zuwa wata na'ura dabam da zfs send. Turawar farko ce mai nauyi, bayanta abin da ya canza kaɗai ke tafiya. In babu na'ura ta biyu, faifan USB da aka tsara da ZFS, ana jona shi a tura sannan a cire, ya fi babu nesa ba kusa ba. Kada ka bari RAIDZ, wato haɗa faya-fayai da yawa su zama ajiya ɗaya a ZFS, ya kwantar maka da hankali. Yana tsare ka daga mutuwar faifai ne kawai, fayil ɗin da ka goge bisa kuskure ya tafi a dukkansu lokaci guda.

Akwai abin da nake roƙonka ka duba yau ɗin nan: ina kwafin yake sauka? Da yawa suna buɗe NFS (wurin ajiya da ake rabawa ta hanyar sadarwa) daga TrueNAS, su nuna wa Proxmox nan a matsayin wurin ajiya, har da kwafin shi kansa TrueNAS ɗin. Wannan kamar ajiye makullin ɗaki ne a cikin ɗakin da aka kulle. Ranar da VM ɗin ya ƙi tashi, kwafin da za ka gyara shi da shi yana cikinsa. Ban da haka, in qemu-guest-agent (ƙaramar manhajar da Proxmox ke magana da VM ta hanyarta) na aiki, Proxmox kan umarci VM ya dakatar da rubutu na ɗan lokaci kafin ɗaukar kwafi, kuma in wurin da za a rubuta ɗin shi ne wanda aka dakatar, abin na iya maƙalewa. Kwafin sauran VM ɗin ya sauka can, babu laifi. Na TrueNAS kam ya je wani faifai, ko Proxmox Backup Server a wata na'ura.

Sai ƙananan abubuwan da ke da zafi idan sun ɓata. Sauke fayil ɗin saitin TrueNAS duk lokacin da ka canza wani abu, kuma in ka rufe bayanan da sirri, fitar da makullan ka adana su a wajen sabar, don in babu su kwafin ba shi da amfani. Daga Proxmox kuma ka kwafi /etc/pve da /etc/network/interfaces da abin da ka rubuta na IOMMU da vfio (saitin miƙa kati ga VM), saboda vzdump ba ya ɗaukar saitin uwar na'urar.

Ka gwada maidowa tun komai na lafiya, amma a sabuwar lambar VM, ba a kan mai aiki ba. Kafin ka kunna shi, cire layin hostpci0 (na katin HBA) ko na faya-fayan daga fayil ɗin saitinsa, kada VM biyu su kama faifai ɗaya. In kuma wata na'ura ce, adireshin PCI na katin zai iya canzawa, sai ka duba da lspci ka gyara layin kafin TrueNAS ya ga faya-fayansa.