Amsa ga Malam da ya tambaya a kan ɗansa: gareji ko cibiyar gwamnati?

Malam, Allah ya raya maka yaron. Ka ce ya bar boko, yana son gyaran mota, kana ruwan ido tsakanin garejin maigida a Garwa, arewacin Kamaru, da makarantar koyon sana'a.

Ni dai shawarata, ka haɗa masa biyun. A gareji hannu ke faɗawa: ƙanena shekara huɗu ya yi a ƙarƙashin mota, baƙin mai har gwiwar hannu, da jin ƙarar inji yake gane ciwonta. Amma ranar da ya nemi aiki a wani kamfani, takarda suka fara tambaya, ya dawo gida jiki a sanyaye. Abin ya yi mini zafi ƙwarai.

Tun 2018 Kamaru ta yi doka a kan koyar da sana'a, ma'aikatar samar da aikin yi da koyar da sana'a, wato MINEFOP, ke kula da ita, kuma ita ke ba da takardun shaidar ƙwarewa a sana'a irin CQP (satifiket) da DQP (difloma). Ka je ofishinta na jiha ka nemi sunayen cibiyoyin da aka amince da su, don akwai masu karɓar kuɗi su ba da takardar da ba ta aiki ko'ina. Ka leƙa ofishin FNE ma, wato hukumar gwamnati mai taimaka wa masu neman aiki. Kafin ka biya, shiga ɗakin aikin ka ga ko akwai injin da yara ke kwancewa da hannunsu.