Keken da za ka zo da shi gida

Assalamu alaikum. Ɗana, saƙonka ya iso ta wayar ƙanenka. Ya karanta mini bayan sallar isha'i, na sa ya maimaita. Muna lafiya, innarka na gaishe ka, gero ya shiga rumbu, alhamdu lillahi.

Na fahimci kana harhaɗa keke da hannunka, irin wanda ba shi da firiwil, wanda muddin ƙafar baya na juyawa feda ma sai ta juya, kuma kana so ka taso da shi daga Kano, ka biyo ta gida, ka zarce Haɗeja. Ka ce abokanka na birni suna cire birki gaba da baya, da ƙarfin ƙafa suke tsayar da shi. Sannan ka tambaye ni ko da gaske ne a da mai keke sai ya sauka in zai wuce manya, ko har yanzu ana yi, da kuma abin da muke ɗauka in za mu yi nisa.

Da gaske ne, kuma ba a daina ba. A birni ne cunkoso ya cinye ta. A nan, in ka doso majalisar dattawa a gindin darbejiya ko a ƙofar gidan mai unguwa, tun da sauran tazara kake rage gudu, ka diro, ka kama kan keken ka turo shi, ka yi sallama, ka russuna. In akwai sa'an mahaifinka a cikinsu, ka jingine keken ka durƙusa ka gaishe shi da kyau. Ba ka sake hawa sai ka ba su baya da 'yan taku. Haka ƙofar dagaci. In kuwa ka haɗu da masu ɗauke da makara, sauka kaɗai ba ta isa ba; ka ajiye keken ka bi su ko da kaɗan ne, ka yi wa mamacin addu'a. Gidan surukai tun daga bakin lungu ake sauka. Kuma ba a shiga zaure a kan keke, ko da gidan ubanka ne.

Asalin abin daga doki ne. Yaro ba ya wuce babba yana sama, babban yana ƙasa. Da keke ya shigo ƙasar nan, iyayenmu suka ɗora masa ladabin doki, shi ya sa wurin zamansa sirdi muke ce masa, shi kansa kuma dokin ƙarfe. Akwai kuma maganar ƙura. Mutane na zaune a tabarma, wani da ƙwaryar fura a gabansa, wani yana saƙar igiya, kai kuma ka wuce a guje ka bar musu turɓaya. Ba wanda zai kira ka ya yi maka faɗa. Ɗan wane ne, kawai za su tambayi juna, da yamma maganar ta iso gida.

Ban da manya, akwai mata da 'yan mata ɗauke da tulu ko itace a siririyar hanya tsakanin gonaki. Tun daga nesa kake kaɗa ƙararrawa, in hanyar ta matse kai ne mai ratsewa, don mai kaya a ka ba ya iya juyowa da sauri. Akwai garken Fulani a burtali, wanda ba a kutsawa cikinsa, tsayawa ake har na ƙarshe ya wuce. Akwai awaki da yaran da ke fitowa daga dangar kara ba sallama. Daga inda ka bar kwalta zuwa ƙofar gidanmu, za ka tsaya fiye da sau goma. To ka ga duk al'adar nan a kan abu ɗaya take tsaye, wato keken ya tsaya a daidai inda kake so ya tsaya, a hankali, ba tare da jan taya a ƙasa ba. Abin da abokanka ke yi na danne feda su ja ƙafar baya tana ƙara, wannan a gaban dattawa ya fi wucewa a guje muni. Saboda haka birki ba abin cirewa ba ne. Na gaba dole ne, don shi ke da yawan ƙarfin tsayarwa, ni kuma in ka ji tawa ka sa har na baya. Ƙafar da ta yi wuni tana tuƙi ba ta da ƙarfin da za ta tsayar da keke mai kaya, in kuma sarƙa ta zame ko ta tsinke, wanda ba shi da birki ba shi da komai.

Ba ƙin keken naka nake ba. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina gyaran keke a kasuwanni, na kuma taɓa hawa irinsa ba da niyya ba. Wata Lahadi ina dawowa daga kasuwar Gujungu da rabin buhu a kariya, firiwil ya saki, ina tuƙi feda na juyawa ƙafa ba ta motsi. Ba gari kusa. Na samu waya na ɗaure firiwil ɗin da wayoyin ƙafar baya tam, ya zama irin naka. Ya kawo ni, amma da na zo gangaren wani kwari na manta, na saki ƙafata in huta yadda na saba. Feda ta cilla ni sama, bakin wandona ya shiga sarƙa, keken bai tsaya ba sai da ya kai ni ƙasa. Tabon yana nan a ƙwaurina. A ranar kuma na gane alherinsa: cikin rairayi kana jin ƙafar baya a tafin ƙafarka, ka san lokacin da za ta zame tun ba ta zame ba. Kayan lalacewarsa kaɗan ne. Kekunan farko ma haka suke; wanda ake kira Rover, da aka fitar a Ingila a 1885 mai ƙafafu biyu da sarƙa irin na yau, ba shi da firiwil. Masu babban tseren keke na Faransa, wanda aka fara a 1903, ba a yarje musu keke mai canjin giya ba sai 1937. Kafin nan sauka suke su kwance ƙafar baya su juya ta, don kowane gefe da nasa haƙoran.

Wannan dabarar tasu ita nake so ka ɗauka. Ka nemi cibiyar ƙafar baya mai zare gefe biyu, gefe ɗaya ka ɗaura kafaffen haƙorin, ɗaya gefen firiwil. Ranar da gwiwa ta gaji, sifana ɗaya ta isa ka juya. Kafaffen kuma lallai a bi shi da zoben kulle, wanda zarensa na hagu ne, don in ka danne feda baya kada haƙorin ya warware. Kada wani ya ce maka a yi wa tsohon firiwil walda ya wadatar. Waldar na hana shi sakin ciki, amma ba ta hana shi kwancewa daga cibiya.

Maganar haƙora kuwa, a nan yaran birni ke cutar kansu. Suna sa faranti mai haƙori 48 a gaba, 16 a baya, feda ta juya sau ɗaya ƙafa ta juya sau uku. A kwaltar birni ba kaya, da daɗi. Kai kuwa gabas maso arewa ka nufa, inda iskar hunturu ke fitowa, za ta tare ka a ƙirji tun daga Gezawa. Ka tsaya kusa da abin da tsofaffin kekunanmu ke zuwa da shi, 44 a gaba, 18 a baya, ko ma 20 tunda da kaya. Da 44 da 18 a ƙafa mai inci 28, kowane juyin feda na kai ka mita biyar da kusan rabi. Ka lissafa: kilomita 100 juyi ne sama da 18,000, kuma a irin keken naka ba ko ɗaya da za a yafe maka. Gwiwa ita ke biyan wannan bashi, don haka ka daidaita tsayin sirdi tun a gida, yadda in feda na ƙasa ƙafarka ta kusa miƙewa amma ba ta miƙe sarai ba.

Firam ɗin Raleigh na nan rataye a shagona, daga waɗanda ake harhaɗawa a Bompai lokacin da kamfanin ke aiki a Kano. Yana da nauyi, amma ƙarfe ne da kowane mai walda a ƙauye zai iya gyarawa, kuma bakin da ƙafar baya ke shiga a kwance yake, da 'yan notinan jan sarƙa, abin da keken da ba firiwil ke bukata ke nan. In naka firam ɗin ba shi da wannan, ka zo ka ɗauka. Sarƙa ta tafi sambal daga faranti zuwa haƙorin baya, ba karkata. Ka juya feda a hankali ka nemo inda ta fi ɗamewa, a nan za ka daidaita ta, ka bar mata ɗan wasa kamar faɗin yatsa. Ina roƙonka, kada ka goge sarƙa da tsumma ƙafa na juyawa. Wannan keken ba ya sakin abin da ya kama, yatsa yake cirewa. In yara sun kewaye ka a gida, za su kewaye ka kuwa, kada ka kafe shi ka bar su suna juya feda.

Feda ka sa mata maɗauri na fata ko na zare mai faɗi, sako-sako, wanda ƙafa ke fita da ja ɗaya. Na ga hoton takalman nan masu maƙalewa a feda. Mutumin da zai sauka sau goma, ya tuɓe takalmi a ƙofar masallaci da ta zaure, ba nasa ba ne. Babbar riga da doguwar shadda ka ninke su a jaka, in ka iso bayan gari ka wanke fuska ka sa. A hanya wando da 'yar shara, ka ɗaure bakin wandon dama da roba. Amma ba gajeren wando mai ɗame jiki ba. Da shi ba za ka iya tsayawa gaban kowa ba, balle ka yi salla.

Taya ka sa mai faɗi. Siririn nan na tsere nutsewa yake a yashi, kuma tsidau na jiransa a gefen kowace hanya, ga ƙayar aduwa da ta bagaruwa. Mu a da tsohuwar taya muke yanke wa gefe mu shimfiɗa cikin sabuwa, nauyi ya ƙaru amma faci ya ragu. Ka riƙe famfo, tiyub biyu, sholisho da 'yan faci, sifana, filaya, 'yan wayoyin ƙafa, guntun sarƙa da ɗan tsinken waya. Mai a sarƙa kaɗan, ka goge saura, don da hunturu mai da ƙura in sun haɗu cin ƙarfe suke. Fitila gaba da baya, saboda manyan motocin hanyar Haɗeja.

A hoton da ka aiko ban ga kariya ba, abin ya tsaya mini a rai. Keken da ba kariya na mutum ɗaya ne. A tasowarmu, in ka riski tsoho yana tafe a ƙasa da rana, ka tsaya ka ce, Baba, ina aka nufa? In hanya ɗaya ce ka goya shi, in ba zai iya hawa ba ka karɓi kayansa ka kai masa gaba. Da keke aka riƙa kai marasa lafiya asibiti, da shi ake yawon sanar da rasuwa da rabon goron ɗaurin aure ƙauye ƙauye. Goyo a irin keken naka sai da kula, amma kaya dai zai ɗauka. Kuma ina za ka ɗaura tsaraba? Ba a shigowa gida hannu rabbana, ko goro da sabulu da alewar yara ne. Kayan ka raba su gefe biyu, masu nauyi a ƙasa, kada ka goya a bayanka.

Guzuri ba ya bukatar yawa: dabino, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, garin kwaki da ɗan sukari, sauran ka samu fura a hanya. Ruwa ne ba a wasa da shi, jarka ƙarama ban da goran sha, da buta, da abin shimfiɗar salla. Tafiyar da ta kai mil 48 ana yin kasaru a cikinta, Kano zuwa Haɗeja kuwa ta wuce haka nesa ba kusa ba. Ka yi sammako bayan asuba, rana ta take ka nemi inuwa har bayan azahar, magariba ta same ka a cikin gari.

Kafin ka fito, ka tura keken gaban mahaifinka ya sa masa hannu ya sa albarka, ka shiga wurin mahaifiyarka ka yi bankwana, ka faɗa musu garuruwan da za ka bi. In da wanda ke bin ka bashi ka sanar da shi. In ka sa ƙafa a feda ka yi bisimilla da addu'ar hawa, wadda aka koya muku a islamiyya. Inda dare ya yi maka, kada ka kwana a bayan gari ko a tasha. Ka tambayi gidan mai unguwa ko na liman, ka faɗi sunanka da na mahaifinka da garinku da inda ka nufa. Yanzu zamani ya sa mutane na tsoron baƙon da ba su san shi ba, 'yan sintiri na yawo da dare, wanda ya gabatar da kansa da rana shi ke barci lafiya. Za su ba ka zaure da tuwo. Kada ka miƙa kuɗi, ka bar goro ko dabino, da safe kuma ba ka tafiya sai ka yi sallama da mai gida.

Ka sanar da ni ranar da za ka taso, in sa ƙanenka ya tare ka a Ringim, don hanyar da ka sani ta bayan fadama ruwan bana ya cinye ta. Ka taho mini da boris da giris daga Sabon Gari, zan buɗe cibiyoyin in duba kafin ka wuce Haɗeja. Ka gaida mahaifinka da mutanen gida. Allah ya kawo ka lafiya.

Baffanka.