Mai jego ta kumbura tana haki, a gida an ce sanyi ne ya shige ta

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Dan Allah a ɓoye sunana. Yau kwanana 19 da haihuwa, ta fari ce, na haihu da kaina a asibiti aka ɗan yi min ƙari, yanzu ina wankan gida a Zariya. Tun bayan suna ƙafafuna suka kumbura har takalmi ba ya shiga, in na kwanta sai in ji kamar an danne min ƙirji sai na tashi zaune, ga tari da daddare, ko banɗaki na je na dawo sai haki. Kakata ta ce sanyi ne ya shige ni saboda ranar suna na sha ruwan firij, shi ne aka ƙara min kanwa a kunu aka ƙara zafin ruwan wanka. Sannan haka kawai sai in kama kuka, wani lokacin ko jaririn ba na so a miƙo min, kuma ina jin kunyar faɗa wa kowa. Wai haka jego yake ko ni ce raguwa?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, barka da arziƙi, Allah ya raya. Ba raguwa ba ce ke, kuma ba haka jego yake ba. Kafin ki ƙarasa karanta wannan amsar ki kira maigidanki ko wani yayanki a kai ki babban asibiti yau ɗin nan, kar a ce sai gobe, kar a ce sai an yi arba'in. In kin je ki faɗa musu yadda kika faɗa min, musamman maganar ba kya iya kwanciya sai a zaune, a auna hawan jini, a duba yawan jininki da fitsari, a saurari ƙirji, sannan a yi miki hoton zuciya. Daga nesa ba zan yanke miki hukunci ba, zai iya zama ƙarancin jini ne ya yi tsanani, zai iya zama hawan jinin nan mai kawo jijjiga wanda yana iya tasowa har sati 6 bayan haihuwa, amma kumburi da haki da tarin dare in suka haɗu a jikin mai jego abin da muke fara tsoro shi ne zuciya ta gaza.

To bari in zo kan maganar sanyin nan, don wallahi ta ishe ni. Shekaru ina aikin ungozoma, ban taɓa ganin matar da ruwan firij ya kumbura mata ƙafa ba, amma matan da aka zaunar a gida ana gasa su da sunan korar sanyi har ruwa ya cika musu huhu, su kam na gani har na gaji. Abin da ke faruwa shi ne tsokar zuciya ce take yin laushi a ƙarshen ciki ko a watannin farko bayan haihuwa, sai ta kasa tura jini yadda ya kamata, ruwa ya dinga taruwa a ƙafa da ciki da huhu. Shi ya sa in kika miƙe a gado ruwan yake bazuwa a ƙirji ki ji kamar an shaƙe ki, in kika zauna ya ɗan lafa. Ki sa babban yatsa ki danna ƙwaurinki ki ƙirga biyar ki ɗaga, in ya bar rami kamar kin danna tuwo, to ruwa ne kwance a wajen.

Yanzu ki duba maganin da ake ba ki. Kanwa gishiri ce, sinadarin da ke cikin gishirin miya mai riƙe ruwa a jiki shi ne cike a cikinta. Mai ciwon zuciya abu na farko da likita ke rage masa gishiri ne, ke kuma ana dama miki shi kofi kofi safe da yamma, ga yajin jego da farfesun ƙauri da aka zabga wa magi. Sannan a tafasa ruwa a garwa a tsoma ganyen runhu ko darbejiya a dinga fyaɗa miki, jijiyoyin fata su buɗe, zuciyar da ke neman hutu ta ƙara gudu. Jaki ya durƙusa da kaya an zo ana ƙara masa buhu. Kuma abin haushin, duk sanda kumburin ya ƙaru sai a ce ai sanyin ne bai fita ba, a ƙara kanwa.

Wannan ba sabon zance ba ne, a garinku ma an yi nazarinsa sosai. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na jami'ar Ahmadu Bello sun rubuta yadda ciwon ya yawaita a Zariya da kewaye, kusan mace 1 cikin 100 da suka haihu, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan zafi da kwanciya a gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa. Binciken da aka yi daga baya ya nuna matan da ba sa wankan ma suna kamuwa, akwai hannun hawan jini da rashin cin abinci mai gina jiki, saboda haka ba zan ce kakarki ce ta sa miki ciwo ba, kuma na san don ƙauna take yi, ita ma haka aka yi mata. Amma wadda zuciyarta ta riga ta raunana, kanwa da tafasasshen ruwa ƙarasa ta suke yi.

Akwai wata yarinya da aka taɓa kawo mana cikin dare, ba ta fi shekara 18 ba, a zaune aka shigo da ita a bayan a daidaita sahu don ta kasa kwanciya, leɓenta ya yi duhu, bayanta duk saɓar ƙuna. Da muka tambaya sai aka ce ai da yamma an kira wani mai kemis ya ga ba ta da ƙarfi ya ɗaura mata ruwa leda biyu. Ruwa fa, ga wadda ruwa ke neman kashewa! Allah ya yi da sauran kwananta, aka sa mata iska aka yi mata allurar da ke sa fitsari, kafin asuba ta cika roba ta samu ta yi barci. Don haka dan Allah kar wanda ya ɗaura miki ruwa a gida, kuma kar a sayo miki maganin fitsari a kemis a ce na rage kumburi ne.

Daga yau a ajiye kanwa, a dama miki kunun gyaɗa ko na tsamiya, a rage gishiri da magi. Wanka ki yi da ruwa mai ɗumi wanda za ki iya barin gwiwar hannunki a ciki. Wajen ɗinkin ma ɗumi yake so da tsabta da bushewa, shiga ruwa mai ƙuna yana iya ƙona wajen ya hana shi haɗewa. In an tabbatar zuciyar ce, mata da yawa tana farfaɗowa in an riƙe magani, akwai magungunan da ba sa hana shayarwa, sai dai maganar wani cikin a dakata sai likitan zuciya ya sake dubawa ya amince, wannan ki sa a faɗa a gaban maigida.

Kukan kuma, ki daina jin kunya. Yawancin masu jego suna yinsa daga kwana biyu ko uku bayan haihuwa, ya wuce da kansa kafin sati biyu. Naki ya haura haka, kuma wadda ta yi kwanaki tana kwana a zaune tana kokawa da numfashi dole ranta ya ƙuntata, amma ciwon damuwa na bayan haihuwa shi ma gaskiya ne, yana kama fiye da mace 1 cikin 10, yana da magani, ba ƙarancin imani ba ne ba kuma ƙin ɗa ba ne. Ki faɗa wa likitan da bakinki, ki kuma samu mutum ɗaya a gidan da kika yarda da ita ki faɗa mata, ta dinga karɓar jaririn ki samu barci. In kuwa kika fara jin muryoyi, ko tunanin cutar da kanki ko yaron, ko kwana biyu barci ya ƙi zuwa sam, wannan na gaggawa ne, a yi addu'a a hanyar asibiti, kar a kulle ki a ɗaki ana turare wai iska ce.

In kakarki ta ce ba a fita kafin arba'in, a nuna wa Mama wannan amsar ta yi mata magana. Ki tafi da katin awonki da duk wani magani ko jiƙo da ake ba ki, a mota kuma ki zauna a jingine, kar a kwantar da ke.